Ƙulli Uku a Haɓar Zanen Kaka

Bari in fara da laifina, tun kafin wani ya riga ni ba da labarin ya zuba masa gishirin da ya fi nawa.

Ranar sadakar ukun Kaka, mahaifiyar Innata, mu jikoki muka yi abin da jikoki ke yi idan tsoho ya tafi da cikakkun shekarunsa: muka shiga ɗakinta muka kwashi kayanta don mu kwaikwaye ta, a yi dariya, a ba mu gumbarmu. Na ɗaura baƙin zanenta, na yafa mayafinta, na cusa goro a kumatu, na ɗauki sandarta. Kuskurena ɗaya ne. Ban fito ta ƙofar ɗaki ba, inda kowa zai gan ni ya san wasa ne. Na zagaya ta bayan rumbu, wurin da tsofaffin ƙawayenta suke zaune suna jan carbi, na tsaya a bayansu, na yi gyaran murya irin nata, na ce, "Wa ya ce ku zamna min bisa tabarma?"

Akwai ƙawarta ta garin Kore Mairuwa, wadda tun ina ƙarami sai an kama ta ake tayar da ita saboda ciwon gwiwa. Ranar ta miƙe ba mataimaki. Ta bar takalmi, ta bar carbi, ta tsallake turmi. Ni na so in rubuta katanga, Inna ta ce in ji tsoron Allah, to turmi ne. Goggo ta saki ƙwaryar gumba, wata tsohuwa ta kama salati da ƙarfi har maza suka leƙo daga zaure. Da aka gane ni ne, ƙawar ta dawo tana haki, ta cafke kunnena ta murɗa kamar mai buɗe famfo.

"Ɗan banza," ta ce, "ko muryar ba ka bar mata ba."

Sai ta zauna ta fashe da kuka, kunnena yana hannunta. Tun ranar jana'iza ba wanda ya ga hawayenta. Haka na durƙusa a gabanta cikin zanen Kaka, ban isa in motsa ba, har ta gama.

Mutane sun zo gaisuwa. Takalman da suka taru a ƙofar gidanmu za su buɗe rumfa a kasuwar Dogon Dutsi. Kowa ya zauna sai ya ce, "Allah ya jiƙanta, mace mai haƙuri, mai sanyin hali." Ni da ƴar Kawuna sai mu kalli juna mu sunkuyar da kai, don mun san wadda ake wa wannan shaidar ba Kakarmu ba ce. Kaka tana da alheri, tana da gaskiya, amma sanyin hali ko a randa ba ta ajiye shi ba.

Mutum uku ne suka faɗi abin da na yarda da shi. Na farko wani tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya, da suka yi aiki tare. Ya ce, "A takarda ita ce mai shara. A cikin ɗakin marasa lafiya kuwa mu duka yaranta ne." Ta biyu wata Bafulatana ce da ta zo daga rugarsu da ƙwaryar man shanu. Ta ajiye a ƙofar ɗakin Kaka kamar yadda ta saba kowace damina, ta tsaya tana kallon ƙwaryar, kamar sai a lokacin ta tuna ba mai karɓa. Tana amarya ta kawo ɗanta na fari likita, wato asibiti, ba ta san kowa a gari ba, Kaka ta gan ta zaune gindin bango yini guda ba ta ci komai ba, ta ja ta zuwa gida, tana yi mata faɗa tun daga ƙofar likita har bakin murhu. Yaron yanzu shi ke da garke. Na uku Babana ne. A cikin zaure ya ce wa liman, "Sau ɗaya ta taɓa ɗaga min murya, kuma da gaskiyarta."

Saboda wannan sau ɗayan nake rubutun nan. Ina tsoron shekara biyu su wuce, mutane su mayar da Kaka wata salihar tsohuwa mai murmushi a kusurwa, alhali ni na san wadda ta gitta sanda a ƙofa.

Kaka ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Harafi ɗaya ba ta sani ba, lamba kuwa sai ta kuɗi. Ta yi ƙuruciyarta da tsufanta tana shara da wankin zannuwan gado a likita, kuma idonta bai taɓa zama a kan tsintsiya ba. Ta ga cikin mutane fiye da yadda mahauci ya ga na awaki. In mara lafiya ya shigo, tana iya duban tafiyarsa ta ce wa majo, "Wanga ku yi sauri da shi," ko ta ce, "Wanga tsoro ne ya fi ciwon yawa."

Kawu ya taɓa sayo mata agogon hannu. Ta jujjuya shi, ta kara a kunne, ta ce abin yana magana da yawa, ta rataye shi a ƙusa. Agogonta salla ce, littafinta kuma haɓar zanenta. In an ba mutum magani aka ce a sake bayan wani lokaci, sai ta warware haɓar zane ta miƙar da ita, duk sallar da ta wuce ta yi ƙulli ɗaya. Haka take wa mara lafiya, haka take wa daddawa in ta rufe ta, haka take wa kaza in ta kwanta kan ƙwai, sai dai ita kaza ƙullin kwana ake mata. Wani lokaci za ka ga zanen Kaka da ƙulle-ƙulle ta kowace kusurwa kamar ragar kamun kifi, kuma ta san na wane ne kowanne. Na taɓa warware mata guda biyu tana barcin rana don in ga abin da zai faru. Ta farka, ta shafa, ta ce, "Maigida, zo nan." Ban zo ba. Sandar ce ta zo.

Maigida take ce min, ni kuma Amarya. Takan ce ita dai ba ta yi sa'ar miji ba, an ba ta wanda ba ya noma, ba ya cefane, sai baki. Nakan ce ni ma an cuce ni, an ba ni amaryar da haƙoranta suka riga ta tafiya. Maganganunta kuwa suna nan a bakin kowa a gidanmu. In ka ɗaga murfin tukunya, "Tuwo bai nuna da yawan leƙe." In ka zo da labari da zafinsa, "Aje shi ya huce, in gani ko da saura." Game da aikinsu na likita kuma takan ce, "Ciki ba ɗaki ba ne da za a riƙa shiga ana fita."

Wannan ta ƙarshen a kaina ta fi faɗinta. Ina ɗan shekara tara zazzaɓin taifot ya huda min hanji, aka yanka aka ɗinke. Tabon yana nan daga ƙasan ƙirji har ƙasan cibiya. A lakwal na gaya wa ƴan ajinmu kura ce ta yage ni a hanyar Lugu, na kuma kashe ta da takalmi. Bara, lokacin girbi, na zauna na cinye kwanon dafaffiyar gujiya ni kaɗai, don kada ƙannena su dawo su tarar. Washegari cikina ya ɗaure. Yana murɗawa ya saki, ya murɗa ya saki. Na yi amai har ya koma kore. Cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Ba bayan gida, ba ko iska.

Aka kwantar da ni a wata likita da ba sai na faɗi sunanta ba. Aka sa min ƙarin ruwa a hannu, majo ya zura min roba ta hanci har cikin ciki don ta riƙa zuƙo abin da ya taru. Tsawon robar nan, a yadda na ji ta, zai kai Dosso ya dawo. Aka ce ko ɗigon ruwa kada ya wuce maƙogwarona.

Lokotoron, wato daktan, da ta fara duba ni mace ce mai magana a hankali. Ta tara Baba da Inna da Kaka a bakin gadona, ta zana hanji a bayan takarda. Ta ce duk cikin da aka taɓa yankawa, hanjinsa yakan manne da juna ta wasu zarurruka kamar saƙar gizo, wata rana sai ƙaramin hanji ya lanƙwashe a jikin ɗaya ya toshe. Sau da yawa yakan buɗe da kansa in an bar shi ya huta. In aka sake yankawa kuwa, ana warware na yau, amma sabon yanka yana iya haifar da sababbin zarurruka.

Inna ta ce, "To yaya za a san mai buɗewa da wanda ba ya buɗewa?"

Lokotoro ta ce akwai wani ruwa da ake zubawa ta robar hancin. A ido kamar ruwan sha yake, amma a hoton ciki fari fat yake fitowa, sai a ga inda ya kai. Yakan ma jawo ruwa cikin hanjin ya taimaka masa ya saki. Za a ba shi yini da kwana cur, sannan a ɗauki hoto. In farin ya isa babban hanji, hanya ta buɗe, ba sai an yanka ba. In bai isa ba, sai wuƙa. In kuma kafin lokacin zazzaɓi ya taso, ko zuciya ta kama gudu, ko ciwon ya daina saki, ba za a jira kowane hoto ba.

Kaka ta ce, "Yini da kwanan, daga yaushe?"

Lokotoro ta dubi Kaka ta ce, "Daga sa'ar da ya shiga cikinsa, Inna."

Kaka ta gyaɗa kai. Lokotoro ta rubuta takardar da ƙarfe takwas na safe, ta sa lokacin a sama kamar yadda suke yi.

Sai dai ruwan babu shi a garin a ranar. Baba ya buga wa wani direba a Dosso ya sayo. Direban nan ina jin ya tsaya gaida surukansa a kowane ƙauye, don kwalbar ba ta iso ba sai da Azahar ta wuce sosai. Majo ya zuba min ita daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya kiran La'asar. Ya ɗaure bakin robar, ya wanke hannu, ya yi sauri ya tafi masallaci, bai koma kan takardar ba. Kaka da ke zaune a ƙasa ta jawo haɓar zanenta ta shafe ta da tafin hannu.

Washegari da safe aka tura lokotoro macen wani aiki wajen gari. Wanda ya karɓe ta saurayi ne mai fiɗa, dogo, da tabarau, yana tafiya kamar ana bin sa bashin lokaci. Dokar wurin ita ce in lokotoro zai zaga da safe, duk masu jinya su fita. Inna tana waje gindin dogon yaro. Kaka ta je gida ba awakinta dusa ta kuma ɗebo ruwan zafi. Lokotoron ya ɗauki takardata ya ga ƙarfe takwas na jiya, ya dubi agogonsa ya ga ƙarfe takwas na yau, ya ce a tura ni ɗakin hoto. Aka kwantar da ni kan wani tebur mai sanyi, aka ce kada in numfasa. Da hoton ya fito ya ɗaga shi wajen taga. Ko ni na ga farin, ya taru tsibi-tsibi a tsakiya, bai je ko'ina ba.

Ya ce, "Jiya da safe aka sa maka ruwan, ko?"

A nan ne bakina ya yi aikinsa. Ƙishirwa ta ishe ni, robar ta ishe ni, na ɗauka in na nuna na daɗe ina wahala za a tausaya a cire min ita a ba ni ruwa. Na lumshe ido na ce, "Da safe ma, lokotoro? Tun zakara bai yi cara ba. Ni ji nake kamar shekara."

Ya ce da Faransanci, "Bon." Ya rubuta wani abu. Ya sa aka kira Baba daga waje, ya nuna masa hoton, ya ce yini da kwana sun cika, hanya ba ta buɗe ba, jira ya ƙare. Baba bai san lissafin daga ina ya tashi ba, shi dai ya kawo kwalba ya tafi salla. Ya sa hannu a takarda. Inna ta shigo ta ji, ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa sai a lokacin na gane abin da na saya da bakina, kuma kunya da tsoro suka hana ni cewa ƙarya na yi.

Majon safe yana wanke min ciki da wani jan magani, an kawo gadon turawa, Kaka ta shigo da butar ruwan zafi. Ta dubi cikina, ta dubi gadon, ta dubi Inna. Ta ajiye butar a hankali. Ta koma bakin ƙofa ta gitta sandarta daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ina za ku da shi?"

Majo ya ce mata, "Inna, aiki za a yi masa."

"Wa ya ce?"

Baba ya matso yana kallon ƙasa. Ku sani, tun da ya auri Inna, Kaka ba ta taɓa kallon fuskarsa ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. In tana da magana da shi, bango take gaya wa ko Inna. Shi ma in ya hango ta a hanya, sai ya tuna yana da wani uzuri a wata unguwa. Ya durƙusa ya ce, "Inna, a yi haƙuri, hoto ya nuna. Na riga na sa hannu."

Ta dube shi tsakiyar ido, ta ce da ƙarfin da ya sa mai gadon kusa da ni ya farka, "Hannunka ka sa, ba cikinka ba! Tahi ka kira min lokotoron."

Baba ya tafi da gudu. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba.

Lokotoro ya zo, ransa a ɗan ɓace. Ya ce, "Maman, mene ne?"

Ta ɗaga haɓar zanenta ta miƙa masa kusa da tabarau. Ta taɓa ƙullin farko. "Magariba." Na biyu. "Lisha." Na uku. "Asuba. Ukku ke nan. Da La'asar anka zuba mai ruwan ga, ladan na kira, ina zamne nan. Yini da kwana salla biyar ne. Ina sauran biyun?"

"Maman, takarda ta ce ƙarfe takwas na safe."

"Da safe anka rubuta. Da safe ruwan na Dosso."

"Amma shi kansa yaron ya ce min..."

"Wanga?" Ta nuna ni da leɓe. "Wanga da ya ce ma mutane kura ta yage shi? Tambaye shi awaki nawa gare ni, ya ce maka ɗari. Ukku ne, guda ma gurguwa."

Ɗakin ya yi dariya, har wani tsoho mai karaya da dariyar ke sa shi kuka. Lokotoro bai yi ba. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Na ce da ƙaramar murya, "La'asar ne."

Zan faɗi gaskiya a kan mutumin nan: bai yi girman kai ba. Ya ciro waya ya kira majon jiya, wanda ke gida yana barci. Muna jin muryarsa yana salati yana ba da haƙuri. Lokotoro ya ƙirga a yatsunsa, ya ce awa goma sha shida ke nan, hoton ya riga lokacinsa, bai isa ya yanke hukunci ba. Sai ya zauna bakin gadona ya sake duba ni tun daga farko. Ya auna zafin jiki, ya riƙe wuyan hannuna yana kallon agogo, ya danna cikina nan da can, ya saki, yana kallon fuskata.

Ya ce, "Wannan karon gaskiya nake so. In na danna na saki, ya fi zafi?"

"A'a."

"Ciwon yana saki, ko ya zauna?"

"Yana saki."

Ya miƙe ya ce wa Kaka, "Maman, zan jira La'asar. Amma ki sani jira ba kyauta ba ne. In zaren ya shaƙe hanjin jini ya daina zuwa, hanjin mutuwa zai yi, kuma ba ya jiran salla. Zan riƙa dawowa. In na ga alama ɗaya, zan shiga da shi ko ƙulli nawa ya rage."

Kaka ta sauke sandar. Ta ce, "Na sani, ɗana. Na ga wanda anka jira ma har ya wuce, ni na wanke gadon bayansa. In ka ga alama, yanka. Ni zan riƙe maka ƙafafunsa."

Tsakanin hantsi da La'asar ranar nan ya fi duk hutun damina tsawo. Kaka ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna, jefi-jefi ta taɓa goshina da bayan hannu. Na ce, "Amarya, ki yafe min." Ta ce, "In anka yanka ka, zan roƙe su su rage harshen tun da wuƙar na hannu."

Ƴan dubiya suka fara zuwa. Wani ƙanen Baba da ke zaune a Lugu ya zo da turare a ƙunshe, ya ce shi a ganinsa doguwa ce, wato aljana, ta ɗaure cikin, a ba shi ni ya kai inda za a roƙe ta. Kaka ta ce, "Ka gaishe ta. Ka ce mata ita ma ta jira La'asar." Goggo ta zo da kwanon fura a ɓoye cikin mayafi, ta zauna ta kare ni da jikinta, ta raɗa min, "Kurɓi kaɗan, yaro ba ya warkewa da yunwa." Na riga na miƙa wuya kamar raƙumi, sandar ta sauka tsakanin bakina da kwanon. Kaka ta karɓi furar ta miƙa wa masu jinyar tsohon nan mai karaya, ta ce wa Goggo, "In kin ƙara, ke za a sa ma robar."

Ga abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Goronta yana ƙulle, tun safe ba ta ɓare ba. Kaka da ba ta iya yin awa guda ba ta yi wa wani faɗa ba, ta koma addu'a tana motsa leɓe. Duk shigowar lokotoro sai ta miƙe tsaye, ba ta zama sai ya ce, "Muna nan dai." Ita ta tsayar da wuƙar, kuma ta san in abin ya juya, a wuyanta yake. Ni da na jawo komai ina kwance ina tunanin ruwan randa.

Aka kira Azahar. Ta yi sallarta a gefen gadon, ta yi ƙulli na huɗu. Ba a daɗe ba cikina ya fara ƙugi kamar hadari ya taso daga gabas. Wani abu ya yi tafiya daga nan zuwa can. Sannan, a gaban Inna da Goggo da matan unguwarmu biyu da suka zo dubiya, na saki iskar da na yi imani an ji ta a Tibiri. Tagogi sun amsa. Tsoho mai karaya ya ce, "Barka!" Inna ta rufe fuska tana dariya tana kuka. Baba da ke bakin ƙofa ya ɗaga hannu sama kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Na ce, "Amarya, kin ji? A cire robar!"

Ta ce, "Na ji, garin ga duka ya ji. Tusa ba hoto ba ce. Saura guda."

Allah ya jiƙan Kaka. Ya sa hannuwan da suka wanke gadajen bayinsa su karɓi littafinsu ta dama, ya shimfiɗa mata inda ba wanda zai zauna mata a kai. Mu da ta bari, ya ba mu rabin idonta, ni kuma ya rage min baki kaɗan, ba duka ba.

A lakwal na ba da labarin nan ya fi sau ashirin. A wani Kaka ta fizge wuƙar daga hannun lokotoro, a wani ta kore shi har bakin kasuwa, a wani ma ni na gano kuskuren da kaina. Ga yadda ya ƙare. Da aka kira La'asar ta yi salla, ta yi ƙulli na biyar, ta aiki Baba ya kira lokotoro. Aka mayar da ni kan teburin nan mai sanyi. Farin ya wuce, ya zagaye gefen cikin ta babban hanji. Kafin Magariba na je bayan gida, washegari aka cire robar aka ba ni kunu cokali uku, kwana biyu bayan haka aka sallame ni. Ba a yanka ni ba.